Ba raina mu aka yi ba, tambayar ce ba mu iya ba

Ƙarfe ɗaya na dare ya gota wayata ta yi ƙara. Ɗan ƙanwata ne, wanda ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin kamfani a Adum, cikin birnin Kumasi. Hoto ya turo mini: allon kwamfutarsa ya ɗauka da waya, a karkace, hasken ƙwan lantarki ya cinye rabin rubutun. A ƙarƙashin hoton kalma huɗu kacal: "Kawu, ba ya aiki."

Na kira shi. Ashe dare na uku ke nan bai runtsa ba. Kamfanin nasu yana ajiye wa wasu makarantun kuɗi bayanansu, na biyan kuɗin makaranta da na sakamakon jarrabawa, a kan sabobi shida da suka yi haya a ƙasar waje. Saba dai ita ce kwamfutar nan da ba ta barci, wadda manhajar wayarka ke zuwa ɗauko bayani a wurinta. Shi kuwa ba ya bin su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Da Ansible yake aiki: ka rubuta abin da kake so a takardar umarni guda, ita kuma ta shiga kowace saba ta hanyar SSH, wato amintacciyar hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ta aiwatar. To a makon nan sai ta tubure. Duk sabar da ta taɓa, jan rubutu ke cika allo.

Kiran dare bai dame ni ba, aikinmu ya gaji haka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne amsar da ya ba ni washegari a majalisarmu ta ataya a Aboabo, da na tambaye shi abin da ya hana shi kai matsalar gaban masu Ansible ɗin da kansu.

Ya ce, "Kawu, bara na taɓa tambayar su wani abu. Maimakon su ba ni amsa, sai wani ya ce wace siga nake amfani da ita, wani kuma ya ce in kawo cikakken rubutun kuskuren. Mutanen nan raina mu suke yi. Da sun ga sunanka sun san inda ka fito."

Samarin da ke wurin, kusan dukansu 'yan wannan sana'a ne, sai gyaɗa kai suke. Ɗaya ya ƙara da cewa shi tuni ya daina, in abu ya kafe masa sai ya tura wa wani babba a ɓoye ta WhatsApp.

Ni ban yarda ba, kuma gara in faɗa tun daga farko. Ba raini ba ne. Mu ne ba mu koyi ladabin tambaya a wannan fage ba, kunya da girman kai suka haɗu suka tura mu tambayar ɓoye, sannan in mun samu magani sai mu sa aljihu mu wuce. Wannan hali yana cin darenmu, yana cin kuɗin iyayen gidanmu, yana kuma hana ƙannenmu samun abin da za su taka.

Abin da ya lalace a daren

Bari in faɗi matsalar tasa, domin a cikinta hujjata take.

Sabobin shida duka CentOS 7 ke kansu, tsohon zubi na Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wanda ke zuwa da siga ta 2.7 ta Python, harshen rubuta manhaja. Ita Ansible da Python take aiki a cikin sabar da ta shiga. Yaron ya samu sabuwar kwamfutar hannu daga ofis, ya sauke Ansible mafi sabunta bai duba lamba ba. Abin da bai sani ba shi ne, daga siga ta 2.17 ta ansible-core, wadda ta fito a watan Mayun 2024, an daina tallafa wa sabar da ke kan Python 2.7 ko 3.6. Sabuwar Ansible tana magana da harshen da tsohuwar saba ba ta ji. Shi ke nan. Takardar umarninsa lafiyarta ƙalau, kwana uku yana ta warware ta yana ɗinkewa a banza.

Da ya ga abin ya ƙi, sai ya shiga saba ɗaya da hannu zai ɗora mata sabuwar Python, nan ma ya ci karo da wani bangon. Wa'adin CentOS 7 ya ƙare ranar 30 ga Yunin 2024, an rufe adireshin da take zuwa neman manhajoji, an mayar da tsofaffin kayan wata ma'ajiya dabam. Matsala biyu mabambanta suka haɗu a dare ɗaya, shi kuma yana ganin abu guda ne.

Ta yaya muka gano? Tambaya uku na yi masa a waya. Buga `ansible --version`, karanta mini abin da ka gani. Sake gwadawa da `-vvv` a ƙarshe don ta fito da cikakken bayani, ka kwafo mini rubutun duka, ba hoto ba. Me ya canza tun ranar ƙarshe da abin ya yi aiki? A tambaya ta uku ya yi shiru, sannan ya ce, "Kwamfutata ce kawai sabuwa." Kafin ƙarfe biyu ya koma siga ta 2.16 a wani keɓantaccen wuri a kwamfutarsa, komai ya tashi.

Ku duba tambayoyin nan nawa. Su ne dai waɗanda baƙin nan suka yi masa bara, har ya ɗauke su a matsayin wulaƙanci. Bambancin kawai, ni kawunsa ne, na fara da sallama da tambayar lafiyar mahaifiyarsa.

Je ka Magazin ka gani

Duk wanda ya taɓa kai mota Suame Magazine, matattarar masu gyaran mota a Kumasi, ya san yadda ake yi. Ba ka tsayawa daga bakin titi ka ɗaga murya ka ce "motata ba ta aiki" ka jira magani. Masta zai tambaye ka: da sanyi take yi ko sai inji ya yi zafi? Ƙarar daga gaba take ko daga baya? Yaushe ta fara? Sannan tambayar da kowa ke gudu: wa ya taɓa ta kafin ka kawo nan? In ka ɓoye masa cewa wani yaro a unguwarku ya kwance kabureta jiya, kai za ka biya kuɗin wunin da zai ɓata yana lalube.

Ban taɓa jin wani ya fito daga Magazin yana cewa bakanike ya raina shi don ya tambaye shi shekarar motar ba. Kowa ya san tambayar ita ce farkon gyara.

To mai amsa maka tambaya a kan Ansible ya fi bakanike shiga duhu. Shi bakanike motar na gabansa, zai iya kasa kunne, zai iya shinshina mai. Wancan kuwa yana wata nahiya, bai ga sabarka ba, ba zai taɓa ganin ta ba. Idonsa kawai shi ne abin da ka rubuta. In ka ba shi hoton allo a karkace, ka hana shi ko kwafar rubutun ya bincika. In ka yanke layi ɗaya na ƙarshe ka turo, ka zubar da layuka arba'in na sama waɗanda ainihin dalilin ke cikinsu.

Ana cewa matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ne, amma fa sai wanda ya faɗi inda za shi da inda ya fito.

Tambaya mai kyau ba ta da wuyar tsarawa. Ka faɗi abin da kake son yi, abin da ka zata zai faru, da abin da ya faru. Ka faɗi sigar manhajar, da irin Linux da ke kan kwamfutarka da wanda ke kan saba. Ka rage takardar umarnin har ta koma layi goma da har yanzu ke jawo kuskuren, kada ka jibge wa mutane layi ɗari biyar. Ka faɗi abin da ka riga ka gwada. Abin da na lura da shi cikin shekarun da na yi ina cin abinci da wannan aiki shi ne, sau da yawa ban kai ga aika tambayar ba. Ina cikin rage takardar nan don in nuna wa wani, sai in ga ɓarnar da idona.

"Amma ai suna da kaushin baki"

Wasu suna da shi, ba zan musa ba. Na sha samun amsa mai layi ɗaya wadda ta ƙona mini rai. Matsalar ma sananniya ce a cikinsu: Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a 1991, a watan Satumbar 2018 ya fito ya nemi afuwa a kan yadda yake gasa wa mutane magana, ya ɗan janye daga aiki, aka kuma kafa ƙa'idar mu'amala ga masu aikin Linux. Ba kuma zan rantse cewa babu mai ƙyamar baƙar fata a cikin dubban mutane ba.

Sai dai mu rarrabe kaushi da gajarta. Mu a Zango ba a shiga magana sai an yi gaisuwa ta kai minti biyu: gida, iyali, aiki, gajiya. Wanda ya tsallake wannan muna ganin ba shi da tarbiyya. Su kuma a can, wanda ya tsawaita gaisuwa gani suke yana cin lokacin jama'a. Mutum ya amsa tambaya talatin kafin ya tafi aikin da ake biyan sa, ba zai tambayi lafiyar kowa ba. In ya ce maka "kawo lambar siga", ya riga ya karanta tambayarka, ya yanke shawarar zai taimake ka. Wanda ya raina ka shiru zai yi.

Kuma in an nuna maka wurin da aka riga aka rubuta amsar, ba korar ka aka yi ba. Maganar Python ɗin nan a rubuce take ɓaro-ɓaro a bayanin da ke rakiyar kowace sabuwar siga. Ba mu karantawa ne. Muna sabunta manhaja kamar yadda muke sabunta WhatsApp, mu danna mu wuce, alhali abin da ke hannunmu yana iya taɓa saba hamsin a cikin minti ɗaya. Nan ne haɗarin irin waɗannan kayan aiki yake. Kuskuren da za ka yi da hannu a saba ɗaya, ita za ta yi maka shi a duka, cikin biyayya. Shi ya sa aka yi `--check`, wanda ke nuna maka abin da zai canza ba tare da ya canza ba. A majalisar nan na tambaya, mutum biyu ne kawai ke amfani da shi.

Har yanzu wani zai ce zuciyarsa ba ta ɗaukar a gyara masa a gaban jama'a. Malamanmu na zaure sun daɗe da faɗa mana maganar magabata, cewa mai kunya da mai girman kai ba sa samun ilimi. Mun yarda da ita a karatun fiƙihu. Ban ga dalilin da za ta daina aiki in an zo kan saba ba.

Wa kake ɗaga wa murya?

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, waɗanda ba kunya ke damun su ba. Su shiga suke yi da ƙarfi, kamar mai ƙorafi a ofishin kamfanin waya: "Gaggawa! A gyara yanzu, abokan cinikina suna jira!" Bayan awa biyu su dawo: "Ba kowa ne a nan?"

Ɗan'uwa, sha biyun dare a Kumasi ƙarfe biyar da rabi na asuba ne a Indiya. Mai amsarka yana iya kasancewa yana barci. Sannan nawa ka biya?

Gaskiya ne Ansible tana da kamfani a bayanta. Michael DeHaan ya fara ta a 2012, Red Hat ta saye ta a 2015, IBM kuma ta sayi Red Hat a 2019 a kan dala biliyan 34. Akwai ma'aikata masu albashi a kanta. Amma albashin nan ba don su amsa kiranka na dare ake ba su ba, kuma da yawa daga ƙananan sassan da muke ɗorawa a kanta 'yan sa-kai ne ke riƙe da su. Lasisin da ka sauke ta da shi, GPL, ya faɗa da manyan baƙaƙe cewa babu garanti. In maigidanka yana son wanda zai kira ƙarfe biyu na dare ya yi wa faɗa, Red Hat tana sayar da wannan. Ya ciro kuɗi.

Abin da ya fi kama da buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke iya ɗauka kyauta ya duba ya gyara, a al'adarmu shi ne aikin gayya. Jama'a sun taru sun nome gonarka, ba kwabo. Ba ka zuwa ka tsaya a kan kunya ka riƙe ƙugu kana cewa wancan gefen bai yi kyau ba, a yi sauri. Ruwa kake kawowa, ka kama fartanya, ranar gayyar wani kuma a gan ka.

Wannan ɗaga murya ba rashin ladabi ba ne kawai, yana da haɗari na gaske. A ƙarshen Maris 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata na'urarsa ta SSH ya ƙara jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Bai ɗaga kafaɗa ya wuce ba. Ya bi diddigi har ya gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da ke kwance a kusan kowace sabar Linux. Yadda aka yi aka dasa ta shi ne abin lura. Mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya shafe shekaru yana riƙe da xz a lokacin hutunsa, ba albashi. Sai wasu sunaye suka dinga matsa masa da saƙonni, aiki ba ya sauri, ya ba wani dama. Wanda aka ba damar, mai amfani da sunan Jia Tan, shi ya dasa ƙofar a siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Da ba a gano da wuri ba, da ta bazu cikin sabobin duniya, har da irin waɗanda makarantunmu da asibitocinmu ke kai.

Abu biyu na ɗauka daga wannan. Mutumin da kake yi wa tsawa yana iya zama shi kaɗai ne, a gajiye. Sannan wanda ya ceci kowa, mutum ne da ya ga ƙaramin abu bai yi daidai ba, ya bincika, ya rubuta rahoto tsaf ya kai gaban jama'a.

"Sirrin kamfani fa?"

Wannan ita ce hujjar da na fi girmamawa. Rubutun da `-vvv` ke fitarwa yana iya ɗauke da adireshin sabobi, sunayen masu shiga, wani lokaci har kalmar sirri. Ga kuma dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012, Act 843, wadda ta ɗora nauyi a kan duk mai riƙe bayanan mutane. Yaron da ke riƙe da sakamakon jarrabawar 'ya'yan jama'a yana da gaskiya in ya ji tsoro.

Amma maganin wannan wanki ne, ba shiru ba. Ka kwafe rubutun, ka maye sunan sabarka da "saba1", ka goge adireshi, ka karanta shi layi-layi kafin ka aika. Kalmar sirri kuwa tun asali bai kamata tana zaune tsirara a takardar umarni ba, don haka aka yi Ansible Vault, mai kulle irin waɗannan sirrika. In har ba za ka iya nuna takardarka ba saboda kalmomin sirri sun cika ta, to ka gano wata matsala da ta fi wadda ta kawo ka.

Kuma mu ji tsoron Allah mu faɗi gaskiya: hoton da aka turo mini ƙarfe ɗaya na dare, adireshin saba biyu na fili a cikinsa. Wanda ke tura irin wannan hoto ga mutum biyar ta WhatsApp bai kare sirrin kowa ba. Fuskarsa kawai ya kare.

Batun Turanci ba zan daɗe a kansa ba. Yawancin masu tambaya da masu amsawa a can ba harshen uwarsu ba ne, akwai ɗan Brazil, akwai Bajamushe, akwai ɗan Indiya. Jimla huɗu gajeru da cikakken rubutun kuskure sun wadatar. In ya yi maka nauyi, fara tsara tambayar da Hausa a takarda, sannan ka juya.

Masu cewa yanzu ai ChatGPT ya raba gardama, ni ma ina amfani da shi, yana kuma rage wahala. Sai dai yaron nan ya tambaye shi a dare na biyu, da irin tambayar da ya yi mini, ba siga ba komai, ya samu shawarwari masu daɗin karantawa da suka ƙara nisanta shi da hanya. Tambaya gurguwa ko wa ka kai wa, amsa gurguwa za ka samu. Kuma ilimin da irin waɗannan na'urori ke juyawa, daga tambayoyin da mutane suka yi a fili aka tara shi. In kowa ya koma tambayar ɓoye, rijiyar da ake ɗiba ba za ta ƙaru ba.

Tukwici

Yanzu na zo inda abin ya fi yi mini ciwo.

Na ce wa ɗan ƙanwata ya nuna mini tambayar tasa ta bara. Tana nan. An nemi ya kawo lambar siga, bai dawo ba. Daga baya ya warware matsalar da kansa, ya ce ma bai tuna yadda ya yi ba. A ƙasan tambayar, mutum biyu sun zo bayan watanni suna cewa su ma abin da ya same su ke nan, ko ya samu mafita? Shiru.

Na ce masa, "Ɗana, waɗannan biyun ka san daren nawa suka yi?"

Hausawa suka ce yaba kyauta tukwici. An ba mu Linux, an ba mu Python, an ba mu Ansible, ba mu biya sidi ɗaya ba, da su muke ciyar da iyali. Mafi ƙarancin tukwici shi ne ka koma inda ka yi tambaya ka rubuta layi uku: ga abin da ya jawo, ga yadda na gyara. Ba sai ka iya rubuta manhaja ba. Ka ga umarni a littafin jagora ya tsufa, ka faɗa. Ka ga wani ya yi tambayar da kai ka sha wuyarta bara, ka amsa masa.

Na san abin da ke hana wasu, domin an faɗa mini a fuska: "In na rubuta, gobe a ɗauki wani yaro a rabin albashina." Wannan tunanin ma daga Magazin muka gado shi, inda wani masta ke aiken yaro sayen ruwa daidai lokacin da zai yi aikin da ke da sirri. Amma sirrin namu na wa ne? Abin da kake ɓoyewa, wani ne a wata ƙasa ya rubuta shi ya bar maka a fili. Kuma na ga ƙarshen irin wannan riƙo. Kamfani yana da mutum ɗaya da ya san yadda sabobi ke tafiya, komai a kansa yake, ba a rubuce ba. Ba ya iya zuwa Salla gida, ba ya iya kwanciya asibiti, ranar ɗaurin auren ƙanwarsa yana bayan masallaci da kwamfuta a cinya. Hikimar Ansible da 'yan'uwanta, Puppet da Chef da Salt, ita ce a fitar da ilimin daga kan mutum a sa shi a takardar da kowa zai karanta. Wanda ya ɗauki kayan aikin ya ƙi hikimar, wahala ya saya wa kansa.

Wani kuma zai ce, mu me muke da shi da za mu koya wa waɗanda suka ƙera abin? Muna da shi, kuma su ba su da shi.

Ku tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, WACS da ACE da MainOne da SAT-3 a lokaci guda. Kwanaki intanet na rarrafe a Ghana. A makon nan duk mai tura umarni daga Kumasi zuwa saba a Turai ya ga tasku: aiki ya kai rabi, layi ya yanke, saba ta tsaya tsakanin tsohon hali da sabo. Mutanenmu sun nemo dabaru. Wasu sun ajiye ƙaramar saba kusa da sauran, suna tura aikin daga can a cikin manhajar tmux, ta yadda ko layinka ya yanke aikin na ci gaba. Wasu sun ƙara wa'adin jiran SSH, wasu sun raba aikin ƙanana-ƙanana don a iya sake shi ba tare da ɓarna ba. Waɗanda suka yi aiki a shekarun dumsor sun san irin wannan tun tuni, lokacin da wuta ke tafiya kana tsakiyar sabunta saba.

Injiniyan da ke zaune inda intanet ba ya yankewa ba zai taɓa cin karo da waɗannan kurakurai ba, don haka ba zai gyara su ba sai an faɗa masa. Ina aka rubuta dabarun makon nan? A saƙonnin murya na WhatsApp, waɗanda suka tafi da tsofaffin wayoyi. Yaron da zai fito daga jami'ar KNUST ta Kumasi baɗi zai sake gano su daga farko, da nasa daren.

Kuma kada wani ya ce wannan fage ba namu ba ne. Farfesa Nii Quaynor, ɗan ƙasar nan, yana cikin waɗanda suka shigo da intanet Afirka ta Yamma tun shekarun 1990, kuma AfNOG, taron masu kula da hanyoyin sadarwa na Afirka, tun 2000 yake koyar da mutane irin wannan aiki. Taron PyCon Africa na farko a Accra aka yi shi a 2019. Ƙofa a buɗe take tun kafin a haifi wasu daga cikin 'yan majalisarmu. 'Yan Zango ne ba mu cika shiga ba, in mun shiga kuma sai mu zauna a baya mu yi shiru.

Abin da na roƙi 'yan majalisa shi ne ƙarami. Duk wanda zai turo mini matsala daga yanzu, ya turo ta a rubuce yadda zai kai ta gaban baƙo: siga, cikakken rubutu wankakke, abin da ya canza, abin da ya gwada. In muka warware, ya rubuta maganin a inda wani zai iya samu, da Turanci ga na nesa, da Hausa ga ƙannenmu in ya so. Biyu sun amsa da to. Ɗaya ya ce shi wannan ya yi masa yawa, zai nemi wani babban.

Ɗan ƙanwata ya koma kan tsohuwar tambayarsa ya ba mutum biyun nan haƙuri, ya ce bai riƙe yadda ya gyara ba. Na Python ɗin kuwa ya rubuta shi tsaf. Sai dai komawa siga ta 2.16 faci ne kawai, sabobin nan shida har yau suna kan CentOS 7, ba sa samun gyaran tsaro, da bayanan 'ya'yan mutane a cikinsu. Dole a kwashe su zuwa Rocky Linux ko AlmaLinux. Maigidansa ya ce a bari sai makarantu sun tafi hutu. Mun sa ranar Asabar ta farkon hutun, bayan la'asar, za mu fara da sabar da ta fi ƙarancin aiki, kuma na ce masa ya zo da littafin rubutu.